Surukin Likita

Malam Mode ya daɗe tsugune a bayan rumfa, buta a gefensa, yana jiran abin da ɗan yaye ma yake yi ba tare da ya roƙi kowa ba. Ɗigo, sai tsayawa, sai wani ɗigon mai zafi kamar an zuba masa barkono. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa alhali ko hantsi bai gama ɗagawa ba. Yana cikin haka ya ji murya daga bakin titi, muryar da ba ta san sirri ba tun da aka halicce ta.

"Ina baduku? Ko ya mutu ban ji ba, in zo in kwashe gado?"

Bawa ne, ɗan kawunsa, manomin shinkafa da albasa a Kwalkwalawa. Taubasai ne, kuma tun suna yawo ba wando Bawa bai taɓa gaishe shi da kalma mai daɗi ba. Mode ya yi tsarki, ya ɗaure tazuge, ya fito yana dafa bango. Ya iske Bawa ya riga ya baje a kan buzu a tsakiyar jajayen fatu da takalman da ba a gama ɗinkawa ba, yana fifita da hularsa.

"Gadon mi za ka samu gidana, ƙauye?" in ji Mode. "Basilla?"

Bawa bai yi dariya ba. Ya ƙare masa kallo tun daga sama har ƙasa, irin kallon da ake yi wa sa kafin a taya.

"Matarka Atika ta iske ni har gida. Ta ce gobe za a yi maka aiki. Na ce aikin mi, ta ce na maza. Na ce to ni macce na? Ta ja gyale ta ruhe baki. Shi ya sa nit taso da kaina. Hwaɗa mini, mi za a yanke?"

Mode ya zauna, ya ɗauki wani takalmi yana jujjuyawa. A duniya idan akwai wanda zai iya faɗa wa wannan magana, to wannan marar kunyar ne. Ya rage murya har sai da Bawa ya matso.

"Sankara ta. Wani ƙululu da maza ke da shi ƙarƙashin mafitsara, shi tak kama. Likita ya ce maganin shi ne a cire 'ya'yan maraina. Duka."

"Inna lillahi. Dandaƙa ke nan, awa bunsuru."

"Bawa!"

"To mi sunanta? Wane likita yac ce?"

"Mai asibitin da yaron ga ka aiki."

Yaron nan kuwa shi ne Dakta Sirajo, mijin Balkisu, 'yar farin Malam Mode. Mutum ne da ya kusa arba'in, har furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma a bakin Mode bai taɓa wuce "yaron ga" ba, kamar yadda ita ma Balkisu ba ta taɓa wuce "yarinyar ga" ba. Haka aka gada. Ba a kiran sunan ɗan fari, ba a haɗa ido da suruki. Idan Sirajo ya zo gaisuwa daga unguwar Gidan Igwai, tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa yana kallon ƙasa, Mode kuma ya amsa yana kallon bango. Shekara da shekaru suna ƙaunar juna, amma da za a tara maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu, ba za ta cika ludayi ba.

Duk unguwar Ƙofar Atiku ana yi wa Mode barka da samun suruki likita. Abin da ba a sani ba shi ne, ciwon da ya zo masa ya zaɓi wurin da ba a ambatawa gaban suruki. Da fitsari ya fara yi masa gardama, sai ya faɗa wa matarsa Atika, shi ma a dunƙule. Atika ta kira Balkisu ta ce mata mahaifinta mararsa na damunsa. Balkisu ta kai wa mijinta cewa Baba cikinsa ba daɗi, kuma yana jin kasala. Kowace ta ɗan rage abin da bakinta ba zai iya ɗauka ba, kafin saƙo ya isa wurin likita ya zama zazzaɓi. Sirajo ya aiko da maganin zazzaɓi mai tsada, Mode ya sha ya aika da godiya. Aka yi ta haka har damina ta zo ta wuce.

Sai ranar da fitsarin ya tsaya cak, mara ta kumbura, aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibitin kuɗin da Sirajo yake aiki. Ko a ranar, da aka zo ɗaga masa riga, Sirajo ficewa ya yi ya bar maigidansa da aikin. Maigidan nan likitan fiɗa ne mai saurin hannu, yau ya yi aikin gwaiwa, gobe ya ciro jariri. Shi ne ya saka masa robar fitsari ya buɗe hanya, ya ɗebi jini, ya tsinko ɗan nama aka kai gwaji. Da sakamako ya dawo, a tsaye ya yi bayani, makullin mota a hannu: sankara ce, a cire maraina, a huta. Mode ya waiwaya ya hango Sirajo a bakin ƙofa, kansa a sunkuye. Ya ɗauka sunkuyon nan amincewa ce, sai ya ce ya yarda.

Tun ranar bai ƙara cin abinci ya ji ɗanɗanonsa ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, na mutuwa da na abin da zai zama idan bai mutu ba.

"An ɗauki hoton ƙashinka?" in ji Bawa.

"A'a."

"An sa ka cikin na'urar nan mai kama da rami, mai ƙara awa injin niƙa?"

"A'a. Kai ina kas san wanga duka, manomin albasa?"

Bawa ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama. A karon farko tun da Mode ya san shi, sai ya ga taubashin nasa yana neman inda zai ajiye idonsa.

"Ka tuna shekarun baya da nic ce na tahi Zariya sayen injin ban-ruwa, har kac ce injin zinari na da za shi ɗauki wata da watanni?"

"Na tuna. Ka dawo ba inji, ka rame awa kara."

"To ba inji nit tahi saye ba. Ciwon ga naka shi na gare ni. Likitan nan babban asibitin koyarwa yag gano shi, Dakta Sodangi, shi aikinai ke nan, mafitsara da abin da ad da alaƙa da ita, ba ya taɓa komi bayan shi. A lokacin shi yat tura ni can anka gasa wurin da na'ura. Ga ni. Bara na yi buhu ɗari na shinkafa, kuma komi nawa na nan inda Allah ya aje shi."

Mode ya saki takalmin. "Kuma ba ka hwaɗa mini ba?"

"In hwaɗa maka ka yi mini waƙa kasuwa? Ai na san halinka. Kunya nij ji, Mode. Ni ma ina da ita, ɓoye ta nika yi. Amma da Atika tac ce aikin maza, sai nij ji ban iya zama. Yau ranar komawata ta, duba ni aka yi lokaci-lokaci. Ɗauko takardunka mu tahi shi gan ka."

Wani abu ya motsa a ƙirjin Mode kamar an buɗe taga. Amma nan take ya rufe ta da kansa.

"Ba ni zuwa."

"Don mi?"

"In tsallake surukina in tahi wurin wani likita? Gobe garin ga ya ɗauka: Mode bai yarda da sanin mijin ɗiyatai ba. Kuma mai asibitin ga shi ka biyan shi albashi. In na warware magana, da wane ido yaron ga za shi dube shi? Na riga na ce na yarda. Maganar dattijo guda ta."

"Maganar dattijo guda ta, marainanai ko biyu na, kuma in an cire ba a maidawa." Bawa ya miƙa hannu ya zaro wata jar fatar akuya daga cikin tarin. "Wagga, da za ka saye ta, mi kay yi?"

"Bar mini kaya."

"Na sha ganinka. Ka ɗaga ta ga rana, ka juya ciki, ka ja ta nan ka ja ta can, sannan ka miƙa wa maƙwabcinka ka ce shi ma shi duba. Majemin ya taɓa hushi? Fatar akuya ke nan. Amma taka fatar, mutum guda ya duba a tsaye, ka ce a yanka."

Mode ya karɓe fatar ya ninke ta, ya sake warwarewa.

"To ji nan," in ji Bawa. "Ba kai za ka ga likita ba. Ni za ni, kai rakiya kay yi mini. Tsoho marar lahiya ya roƙi taubashinai rakiya, wa za shi ce wani abu? In takardu sun biyo ka cikin aljihu, wanga ba laihin kowa na ba."

Dabara ce irin wadda ko yaro zai gane, amma mai neman mafita ba ya bincikar ƙofa. Mode ya shiga gida ya ɗauko takardun daga ƙarƙashin katifa. Atika tana bakin murhu, ba ta tambaye shi ina za shi ba, sai dai ta ce a dawo lafiya da wata irin murya da ta sa ya gane ita ta ƙulla komai. Ya ɗauko rawanin da ba ya naɗawa sai ranar Juma'a, ya naɗa, ya ja amawali har kan hanci.

"Madalla," in ji Bawa. "Yanzu ba wanda za shi gane ka sai duk wanda yas san ka."

Keke napep ya kwashe su. Rana ta riga ta buɗe irin buɗewar da Sakkwato kaɗai ta iya, kwalta tana walƙiya, 'yan kabu-kabu suna kutsawa ta kowace kafa. Duk ramin da keken ya faɗa sai Mode ya ji shi a mara. Bawa kuwa bakinsa bai huta ba. Ya ba shi labarin yadda shi ma ya sha yawo kafin ya dace: mai maganin gargajiya da lasifika a bakin kasuwa, wani mai kanti da ake kira dakta alhali ko makarantar jinya bai gama ba, da jarkokin tsimi da ya sha har ya daina ƙirgawa.

"Daga baya nig gane yadda aka biɗar likita. Kak ka tambayi mai talla. Tambayi wanda yay yi ciwon yat tashi. Kuma in ka shiga, yi mishi tambaya. In ya ɗaure huska, ɗauki takalminka."

Ɓangaren masu ciwon mafitsara wata doguwar baranda ce mai bencina a jere. Abin da ya fara ba Mode mamaki shi ne yawan mutanen. Ga dattawa masu manyan riguna, ga Fulani da sandunansu, ga wani da ganinsa ka san tsohon ma'aikacin gwamnati ne, yana karanta jarida. Wasu da 'yar jakar fitsari a ɓoye a ƙarƙashin riga, suna hira abinsu. Shi da ya ɗauka shi kaɗai Allah ya jarraba da wannan a duk faɗin birni. Bawa ya bi layi yana gaisawa da su kamar ɗan gida, ya je ya yanko wa Mode kati, ya dawo ya zaunar da shi a ƙarshen benci kusa da ƙofar likita.

Suna nan zaune har rana ta take tsaka. Mode ya je banɗaki ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Layi ya ragu, saura mutum kaɗan. Sai ƙofar ta buɗe, wani gajeren mutum mai tabarau da farar riga ya leƙo yana miƙa, kamar mai son shan iska kafin ya ci gaba. Bawa ya zunguri Mode, ya raɗa masa cewa shi ne Dakta Sodangi.

Kafin Mode ya gama kallonsa, sai ga wani ya taho da sauri daga ƙarshen baranda. Tafiyar kawai Mode ya gani gabansa ya faɗi. Sirajo ne. Mode ya juya fuska ga bango, ya ƙara jan rawani, ya ƙanƙance kamar ɓarawon da aka ritsa a rumbu. Shi ke nan, an kama shi. Wani ya gan su a hanya ya kai labari.

Amma Sirajo bai ko dubi bencin ba. Ya tsaya gaban Dakta Sodangi ya rusuna.

"Ranka shi daɗe, na sake dawowa."

"Sirajo. Ina marar lahiyar taka? Kullum kai kaɗai nika gani, da takardu cikin waya. Na hwaɗa maka ban duba mutum ta waya."

"Gobe za a yi aikin, ranka shi daɗe. Na yi wa maigidana magana, ya ce ni yaro na, shi ya yi irin wanga aiki tun ina makaranta. Na ce wa matata ta hwaɗa gida a dakata, a zo nan a yi hoto tukuna, don ba a san ko ciwon ya bazu ba. Amsar da tad dawo mini ita ce Baba ya gode, ya ce Allah shi yi albarka. Ban san abin da anka hwaɗa mishi ba."

Mode ya sani. Atika ta zo masa da cewa yarinyar nan ta ce mijinta ya ce a ƙara haƙuri, a yi ta addu'a. Ashe wannan ne saƙon, ya biyo hanyar da zazzaɓi ya bi, ya iso a sauye.

"To ka tahi da kanka mana," in ji Dakta Sodangi. "Likita kake."

"Na tahi. Na isa har zaure, na tuɓe takalmi, na gaishe shi. Sai in ce mi? In dubi mahaihin matata in yi mishi maganar marainanai? Kuma in na ce shi tahi wurin wani, za shi ga kamar na gaji da shi na, ina tura shi gaba. Wallahi kwana nawa ban runtsa ba. In anka yi aikin ga gobe, ban yahe wa kaina."

Idanun Mode suka cika. Duk tsawon wannan lokaci yana shirin ba da naman jikinsa don kada yaron nan ya ji kunya, shi kuma yaron yana nan yana zarya don ya cece shi. Tausayi ya kama shi, da haushin kansa, da wata irin dariya mai ɗaci. Ya yi niyyar ya ci gaba da ɓuya har Sirajo ya tafi. Ya manta da wa ya zo.

"Kai likita!" Bawa ya daka kira har mai jarida ya ɗago. "In surukinka kaka biɗa, ga shi nan cikin rawani awa amarya!"

Sirajo ya waiwayo. Ya ga Bawa, ya ga rawanin, ya ga takalman da ya san ɗinkinsu. Nan take, a tsakiyar barandar asibiti, da rigar likita a jikinsa, ya zame takalmansa ya durƙusa.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau," in ji Mode, yana kallon bango. "Rakiya niy yo."

Dakta Sodangi ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya cire tabarau ya goge. Shi ma ɗan gari ne, yana da surukai, bai buƙaci a yi masa fassara ba.

"Malam mai rakiya, bismilla shigo. Sirajo, kai tsaya nan waje."

Da aka rufe ƙofa, likitan bai fara da takardu ba. Ya ja kujera ya zauna kusa, ya tambayi sana'ar Mode, har ya ɗaga ƙafa ya nuna masa takalminsa ya ce a faɗa masa gaskiya ko an cuce shi. Mode ya duba ya ce fatar ta gaske ce amma ɗinkin na ragwaye ne. Suka yi dariya. Daga nan tambayoyi suka biyo baya, dalla-dalla, irin waɗanda ba wanda ya taɓa yi masa. Tun yaushe? Akwai jini? Bayansa na ciwo, ko ƙugu? Mode ya fara amsawa a dunƙule, sai ya tuna ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya saki baki ya faɗi komai. Aka kai shi bayan labule aka duba shi, dubawar da ba ta da daɗi ko kaɗan, ya runtse ido yana salati har aka gama.

Sannan likitan ya karanta takardun a tsanake, ya ajiye.

"Malam Mode, ban ɓoye maka. Sankara ta, wanda yah hwaɗa maka bai yi ƙarya ba. Aikin da yac ce a yi ma magani na, ana yin shi. Amma an hi yin shi ga wanda ciwon ya riga ya bazu cikin jiki, kuma ko shi, akwai allura da ka yin aiki iri guda, mutum shi zaɓa. Kai ko ba a yi hoton da za shi nuna ya bazu ko bai bazu ba. Abin da nij ji da hannuna da abin da jininka yan nuna sun ba ni fata mai kyau cewa yana nan wuri guda. Ban rantsuwa sai na ga hoto. In haka na, akwai gashi da na'ura, akwai cire ƙululun shi kaɗai. Kowane da wahalatai, zan zayyana maka su, amma mutane na yi su tashi su ci gaba da sana'arsu."

"Ke nan gobe..."

"Gobe ba a yanka komi. Abin da anka jinkirta ana iya yi daga baya, abin da anka cire ko ya tahi ke nan."

Mode ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka. Sai kuma ya tuna gwajin Bawa. Ya gyara murya.

"Likita, kak ka ji haushi. In kai ma ka yi kuskure fa?"

Dakta Sodangi ya yi murmushi. "Ina yi, ai mutum nike. Shi ya sa ba ni kaɗai ka yanke shawara ba. In hoto ya hito, zama muka yi da masu gashi da masu karanta hoto, kowa shi hwaɗi nashi. In kuma kana son wani can Zariya ko Kano shi duba, ni da kaina zan rubuta maka takarda. Jikinka na, Malam. Tambayi duk wanda kaka so."

Ya fito da takardar hoto a hannu, amawalin rawani ya sauka ƙasan haɓa bai ma lura ba. Sirajo yana nan inda aka bar shi, sai dai ya koma tsaye, takalmansa a hannu. Mode ya zauna a benci. Bawa ya zauna kusa da shi yana ta tambaya da ido.

"Bawa, hwaɗa wa yaron ga an ɗaga aiki. Hoto za a yi."

Bawa ya juya. "Ka ji, an ɗaga."

"Alhamdu lillahi," in ji Sirajo, ya share ido da bayan hannu. "Kawu, a hwaɗa wa Baba ni zan je in sanar da maigidana."

"Hwaɗa mishi a'a. Ni nib ba da magana, ni za ni in karɓo abata. Kak shi sa bakinai, shi ɓata wurin cin abincinai."

"Kawu, a ce wa Baba..."

"Kai, ku dakata!" Bawa ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Tsakaninku ko taku biyu babu, kun maishe ni ɗan aike. Ta hakanga munka kusa yin asara. Ni layina ya zo, likita na jirana. In na hito in iske ba ku yi magana ba, wallahi tsakiyar kasuwa zan tsaya in ba da labarin ga tun daga farko, har da rawani."

Ya shige ya ja ƙofa. Saura su biyu a bakin ƙofa, ragowar masu jira da wata mai shara suna can nesa. Mode ya kalli bango. Sirajo ya kalli ƙasa. Fanka tana juyawa a sama tana kaɗa iska mai zafi.

Mode ya ɗan matsa gefe, ya bar wuri a kan bencin. Sirajo ya zauna a can ƙarshe, rabin jikinsa a waje. Mode bai taɓa jin nauyin harshensa irin na yau ba, ko ranar da ya je neman auren Atika.

"Ba zazzaɓi ba na," ya ce da bango. "Tun farko ba zazzaɓi ba na. Fitsari na. Wani lokaci har da jini."

"Na ji, Baba," in ji Sirajo da ƙasa. "Yau da sahe akwai jinin?"

"Babu. Sai zahi."

"To akwai maganin da za shi rage zahin kahin ranar hoto. Ni zan kawo."

"Kak ka ba yarinyar ga ta ba uwatta," in ji Mode. "Kawo mini rumfa da kanka, Sirajo."

Sunan ya fito masa a karkace, kamar sabon takalmin da ƙafa ba ta saba da shi ba. Sirajo ya ɗago kai da sauri, ya mayar. Daga cikin ɗakin likita ana jin muryar Bawa yana ba da labari, Dakta Sodangi yana dariya.